Yadda muka daina kwance injin da ke lafiya

Magabatanmu a aikin gyaran jirgin sama sun yi imani kowane ƙarfe yana da wa'adi. Da ya cika awoyinsa sai a sauke shi, a kwance, a yi masa garambawul, ko da ƙalau yake.

Tun a 1943 aka fara shakkar wannan aƙida. C. H. Waddington, masanin halittu da yaƙi ya kai shi rundunar saman Birtaniya mai sintirin teku, ya bi takardun jiragen Liberator, ya ga matsala ta fi yawa jim kaɗan bayan an yi wa jirgi sabis. Ashe hannunmu ma yana jawo cuta: noti da aka ɗaure fiye da kima, waya da aka gurɗe wajen mayarwa.

Boeing 747 ne ya tilasta sauyi. Girmansa ya sa tsohon tsari zai cinye ribar kowane kamfani, don haka a 1968 kamfanonin jirage da masu ƙera shi suka fito da sabon tsarin gyara mai suna MSG-1. A 1978 Stanley Nowlan da Howard Heap na United Airlines suka rubuta wa Ma'aikatar Tsaron Amurka rahoton da har yau muke aiki da darasinsa. Sun gano kashi 11 cikin ɗari ne kawai na sassan jirgi tsufa ke lalatawa ta yadda sanya musu wa'adi zai yi amfani. Kashi 68 kuwa sun fi lalacewa suna sababbi ko bayan gyara. A tsohon tsari, jirgin DC-8 ya fara aiki da sassa 339 masu garambawul na dole. A sabon tsari, DC-10 da 7 ya fara.

Daga nan tambayar ta zama: in wannan sashe ya mutu, me zai faru? Famfon mai da ke da na-biyu sai a bar shi ya yi ta aiki ana auna lafiyarsa, sito ya huta da tara kayan gyara, a daina jefar da ƙarfe mai sauran ƙarfi.

Inda nake faɗa da wasu manajoji shi ne sun ɗauki wannan tsari a matsayin izinin rage kashe kuɗi. Nowlan da Heap sun nanata batun ɓoyayyar lalacewa. Na'urar kashe gobarar inji tana iya mutuwa matuƙi bai sani ba, saboda ba ta aiki sai ranar gobara. Irin wannan dole a riƙa gwada ta a kan lokaci, ko da littafin jirgin bai taɓa nuna ta yi ƙorafi ba.