Ƙofar da Aka Gano a Jini, Ta Ɓulle a Hanta

A shekarar 1990, a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya, Shoshana Levy da abokan aikinta suna gwada wani sinadari da ke hana ƙwayoyin wata sankarar jini hayayyafa, sai suka lura ya damƙi wani ɗan furotin a fatar ƙwayar B, wadda ke ƙera wa jiki makaman kariya. Suka raɗa masa suna TAPA-1, daga baya aka san shi da CD81. Yakan ratsa fatar ƙwayar sau huɗu, yana shiga yana fita kamar zare a bakin riga, ya bar madauki biyu a waje, babba da ƙarami. Zuwa 1992 an tabbatar yana riƙe da wasu furotin biyu, CD19 da CD21, kuma da wannan haɗin kai ne ƙwayar B take saurin farkawa idan baƙuwar cuta ta kutso.

A can gefe, tun 1989 Michael Houghton da tawagarsa a kamfanin Chiron sun gano ƙwayar cutar hanta nau'in C, amma babu wanda ya san ta inda take faɗawa cikin hanta. Sai a 1998, a birnin Siena na Italiya, Sergio Abrignani da mutanensa suka nuna cewa furotin E2 da ke jikin ƙwayar cutar yana maƙalewa a babban madaukin CD81. Abin da aka ɗauka na garkuwar jiki ne kaɗai, ashe ƙofa ce.

Murna ba ta yi nisa ba, domin CD81 yana nan a yawancin ƙwayoyin jiki, alhali hanta ce cutar take nufa. Ke nan akwai sauran makullai, kuma an kwashe shekaru 11 ana lalubensu ɗaya bayan ɗaya. A 2002 masana a Pomezia, kusa da Roma, suka gano SR-BI, wanda aikinsa karɓar kolestarol daga jini. A 2007 ɗakin binciken Charles Rice a Jami'ar Rockefeller ya ƙara claudin-1, a 2009 kuma occludin, dukansu masu ɗinke tsakanin ƙwayoyin hanta. A wannan shekarar ta 2009 aka sa wa ƙwayoyin ɓera CD81 da occludin na ɗan Adam, sai cutar da ba ta taɓa iya shigarsu ba ta samu hanya.

Abin da ya fi taɓa mu ya zo ne a tsakiyar wannan tafiya. A 2003, a Faris, Olivier Silvie da Dominique Mazier suka nuna cewa ƙwayar zazzaɓin falciparum, wadda sauro ke zuba mana kowace damina, kuma take fara sauka a hanta kafin ta koma jini, tana buƙatar CD81 ɗin nan. Da suka toshe shi a ƙwayoyin hantar mutum da suka raina a ɗakin gwaji, ƙwayar zazzaɓin ta kasa kafa sansani a cikinsu.