Inda Aka Ajiye So a Ƙasar Magarya da Dungas

Wanda ya binciki takardun da Turawan mulkin mallaka suka bari game da ƙasar Damagaram zai tarar da lissafin haraji, da yawan buhunan gyaɗa, da sunayen sarakunan kanto, amma da wuya ya ci karo da kalmar so. Wannan shiru ya sa wasu suka ɗauka cewa soyayya baƙuwa ce, wai finafinan Indiya da littattafan Kano ne suka shigo da ita. Harshen mutanen ƙasar shi kansa ya ƙaryata wannan zato, domin al'ummar da ta bambanta so da ƙauna, ta ware bege daga sha'awa, ta kuma ce so gamon jini ne, ba jiya ta san ciwon zuciya ba. A 1992 wasu masana biyu, William Jankowiak da Edward Fischer, sun duba bayanan al'ummomi 166 na duniya, suka sami shaidar soyayya a cikin 147. Abin da ke sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne gurbin da jama'a suka yarda a ajiye ta, kuma tarihin wannan gurbi a Magarya da Dungas ya cancanci a tsaya a kansa.

Ƙasashen biyu suna kudancin jihar Damagaram, kafaɗa da kafaɗa da Daura da Jigawa. Dungas da Waca tsofaffin sarautun Sosebaki ne da Damagaram ta rinjaya a ƙarni na 19, Magarya kuwa jininta na Daura ne. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta ratsa ta tsakiyar dangi, amma ba ta hana ɗaukar amarya daga wancan tsallake zuwa wannan ba. Sai a 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

A ƙauyukan wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, gurbin farko da aka ba so shi ne dandali. Bayan an kawar da amfanin gona, in farin wata ya fito, ƴanmata kan fito gaɗa, makaɗa su kafa kalangu, samari su yi liƙi, sarkin samari yana tsare da doka. A nan ido ke faɗa wa ido, a nan kuma saurayi ke fara toshi: goro, turare, ɗan kuɗin kashewa ranar kasuwa. Akwai ma tsarance, wato saurayi da budurwa su raba dare suna hira, har su kwana wuri ɗaya, bisa sharaɗin da kowa ya sani, wanda keta shi abin kunya ne ga gida gaba ɗaya. Mai karatu na yau zai yi mamakin wannan sakewa. Manya sun ƙyale ta ne saboda sun san ba ita za ta yanke maganar aure ba.

Auren fari na iyaye ne. Shi ne auren zumunci da ake ɗinke dangi da shi, ko auren sadaka da ake ba malami, ko cika alkawarin da uba ya yi wa amininsa tun yarinya tana goye. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar, ta ba uba ikon aurar da ɗiyarsa budurwa. Da an ɗaura, sai kunya ta karɓi ragama: mace ba ta kiran sunan mijinta, ba sa cin abinci a ƙwarya ɗaya, ba sa jerawa a hanya, ko ɗan fari ma ba a nuna masa so a gaban jama'a. Kuskure ne a fassara wannan da rashin ƙauna. Ƙaunar ma'aurata tana nan, sai dai an hana ta baki, ta koma magana ta hanyar tuwon da aka kyautata, da turmin atamfar Salla, da haƙurin shekarar fari. Kishi kaɗai aka bari ya yi magana da ƙarfi, har ya ba abokiyar zama sunanta.

Gurbi na biyu, wanda masu rubutu suka fi mantawa da shi, shi ne zawarci. Shari'ar da ta ba uba iko a kan budurwa ita ce kuma ta ce ba a aurar da bazawara sai da yardarta. Yarinyar da aka kai gidan da zuciyarta ba ta kwanta ba tana da hanyoyinta: yaji a kai a kai, ƙin girki, gudu zuwa wurin gwaggo a wani gari, daga ƙarshe a mayar da sadaki a raba. In ta gama idda, ita ke zaɓe. Shaida mafi ƙarfi a kan haka ta fito ne daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954. An aurar da ita ga ɗan'uwanta don a faranta wa dangi, ta zauna shekaru, sannan ta fita ta auri wanda take so tun farko. Karo na da nisa da Dungas, amma babu tsohuwar da za a ba wannan labari a Dogo-Dogo ko Malawa ta ce baƙo ne. Yawan sakin aure da baƙi ke gani a matsayin lalacewa, a wani ɓangaren, ƙofar da aka bar wa zuciya ce a bayan gida.

Faransa ta taɓa gwada sa hannu. Dokar Mandel ta 1939 ta ce ba a aurar da yarinya ƙasa da shekara 14 ko yaro ƙasa da 16, kuma sai da yardar su biyun. Dokar Jacquinot ta 1951 ta nemi rage ikon dangi a kan dukiyar aure. Dokokin sun fi zama a takarda. Abin da ya girgiza tsarin da gaske gyaɗa ce. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin cinikinta a Nijar, kuma saurayin da ya sayar da amfanin gayaunarsa, ko ya dawo daga cin rani a Kano, ya sami kuɗin da ba daga rumbun mahaifinsa suka fito ba. Mai biyan toshi da aljihunsa kuwa yana da ta cewa. Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a Kance, maƙwabciyar Magarya, ya nuna yadda kyauta ke ɗaure mutane da juna a wannan ƙasa, Barbara Cooper kuma ta bi sawun irin wannan sauyi a Maraɗi cikin littafinta na 1997, inda kwanukan sha da na jere suka maye gurbin ƙoren ɗakin amarya. Kuɗin da suka ba saurayi baki su ne kuma suka tsawwala aure, suka ba mai hali damar shan gabansa. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, tsadar ta zauna, kuɗin suka tafi.

Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da Samariya, ta mayar da sarkin samari ma'aikacin raya ƙasa, dandali ya zama filin gasa da wasan kwaikwayo. Ta kudu kuma wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya tsallako yana sukar kiɗa da cuɗanyar maza da mata da almubazzarancin biki. Tsarance ya ja baya, hira ta koma ƙofar gida da zaure, ƙanwa tana zaune kusa a matsayin ido.

A daidai lokacin da aka ƙuntata wa so fili, sai ya sami murya. Littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, da kaset na finafinan Hausa da suka biyo baya, sun shigo ta Babura da Maigatari tare da sauran hajar kasuwa. Yawancin ƴanmatan ƙauye ba su yi lakkol ba, amma fim ba ya bukatar karatu. Jigon da ya mamaye su shi ne auren dole, da'awarsu kuwa sabuwa ce: so ba zai jira zawarci ba, auren fari yake nema. Wayar salula, da ta bazu daga shekarun 2000, ta ƙarasa aikin, ta ba saurayi hanyar da ba ta bi ta gaban kowane zaure.

Da'awar ba ta ci nasara gaba ɗaya ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihar Damagaram na cikin waɗanda suka zarce wannan adadi. Yau uba kan tambayi ɗiyarsa wa take so, amma sau da yawa tambayar na zuwa ne tana da shekara 14 ko 15, lokacin da kunya ke amsawa a madadinta. A 2008 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara shirin makarantar mazaje a jihar, garin Bande na gundumar Magarya yana cikin wuraren da ya yi suna. Manufarsa lafiyar mata masu ciki ce, ba soyayya ba. Amma an riƙa ganin magidanta suna raka iyalinsu awo asibiti da rana tsaka, a kan hanyar da kakanninsu ba za su jera da matansu ba.