Gidan Gona da Lambu a Tarihin Ƙasar Hausa

Masu renon furanni da 'ya'yan itatuwa da ake gani yau a bakin titunan Kano da Kaduna ba baƙuwar sana'a suke yi ba. Tushenta yana cikin gandu, wato gonar da maigida yake nomawa tare da 'ya'yansa da ƙannensa. A tsarin gandu, kowa yakan yi aikin gida tun da safe har wajen azahar, sannan ya wuce gayaunarsa. Maigida kuwa shi ne da ciyarwa da biyan haraji da yi wa samari auren fari.

Gidan da ke da fadama ba ya zaman rani. Da an gama kaka sai a tsaga fangali, a kafa jigo a bakin rijiya, a yafa irin albasa da tumatir, idan ya yi ƙwari a cire a dasa. A nan yaro yake koyon reno da dashe a hannun mahaifinsa. Lalle da baba da zogale da rimi su ne adon irin wannan gida, kuma kowannensu yana da amfani. Baƙo ma yana da rabonsa, domin fatake da matafiya sukan sauka a zaure, a ba su tabarma da fura, a ɗaure musu dabbobi.

Sarakuna sun yi irin wannan a babban mataki. Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) yana da gida a Fanisau, kuma a can Baturen nan Kilafaton ya same shi a 1824. Sai dai wajibi ne a faɗa wa ɗalibai cewa bayi ne suka noma yawancin gandayen sarauta, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936.

Shuka fure don ado kawai ya yaɗu ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903, lokacin da suka riƙa ɗaukar masu kula da lambu a gidajensu. A 1928 aka shigo da dogon yaro Barno, daga nan ma'aikatan gandun daji suka baza shi. Manoma suka haɗa wannan sabon ilmi da na kakanninsu, har suka ƙware a auren mangwaro da lemo.

Raunin gandu shi ne rabon gado. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa gandu bai cika daɗewa ba bayan rasuwar uba. A kan wannan sai ga faɗaɗar birane, inda ake yanka lambuna a mayar da su filoti. Idan aka sayar da lambu, rijiyar da itatuwan da sanin lokacin dashe duk sun tafi tare.

Don haka muna kira ga malamai su riƙa kai ɗalibai lambunan da suka rage, su rubuta sunayen tsirrai daga bakin masu su. Dattawa kuma, kafin a zauna rabon gado, su duba ko za a bar lambu a dunƙule, a riƙa raba amfaninsa.