Darasin da ya riga na'urarsa shiga jami'a

A yawancin fannonin injiniyanci, sai an ƙera na'ura sannan malamai ke biyo baya da littafi. Ita kwamfutar kwantum akasin haka aka yi: ɗalibai sun shafe shekaru suna rubuta jarrabawa a kanta alhali babu mai aiki ko ɗaya a duniya. Dalilin, a ganina, shi ne an ɗebo fannin daga ɗakin gwajin masana fiziks, aka mayar da shi lissafin da alli da allo suka isa su koyar.

Maganar ta taso ne a wani taro da jami'ar MIT ta Amurka ta shirya a 1981, inda Richard Feynman ya nuna cewa kwamfutar da muka sani kan gaza idan aka ce ta kwaikwayi halin ƙwayoyin zarra, domin duk ƙwayar da aka ƙara sai lissafin ya ninku. Shawararsa ita ce a gina na'urar da ita kanta ke bin dokokin waɗannan ƙwayoyi. A 1985 David Deutsch na Oxford ya zayyana ta a takarda, amma zancen bai wuce tsirarun masana ba sai 1994, lokacin da Peter Shor na Bell Labs ya gano yadda za ta warware babbar lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta. Wahalar wannan aiki ita ce ƙarfin makullin RSA da bankuna ke dogaro da shi, don haka gwamnatoci suka buɗe kunne, suka kuma buɗe baitulmali. Shekara guda bayan haka Shor ɗin ya nuna yadda za a gyara kuskuren na'urar ta hanyar rarraba kubit ɗaya, wato ƙwayar bayaninta, a cikin tara.

Da wannan manhaja ta samu. A 1997 John Preskill ya fara koyar da darasin a Caltech, ya sa bayanansa a intanet kyauta, a 2000 kuma Michael Nielsen da Isaac Chuang suka fitar da littafin da har yau malamai ke dogaro da shi. Abin da ɗalibi ke tararwa a makonnin farko aljabara ce zalla: kubit lambobi biyu ne da ke faɗin yiwuwar samun 0 ko 1 idan an auna, kowane aiki a kansa kuma ɗan jadawali ne mai layi biyu. Kubit 10 na buƙatar lambobi 1,024, kubit 20 sun haura miliyan, nan take ɗalibi ya ga abin da ya dami Feynman. David Mermin na Cornell ma littafi ya wallafa a 2007 don ɗaliban kwamfuta da ba su taɓa karanta fiziks ɗin kwantum ba.

Masu suka na cewa an yi riga malam masallaci, kuma suna da abin nunawa: a 2001 bajintar da masu binciken IBM suka yi da kubit bakwai ita ce gano cewa 15 daidai take da 3 sau 5. Sai dai hujjar lissafi ba ta jiran ƙarfe, kuma fahimtar aikin Shor ce ta haifar da sababbin makullan sirri da hukumar NIST ta Amurka ta amince da su a 2024. Sukar da ta fi nauyi ita ce wanda ya koyi jadawali kawai zai ɗauka kubit ba ya lalacewa. Wannan sukar gaskiya ce, kuma abin da ya fara maganin matsalar shi ne na'ura mai kubit biyar da IBM ta buɗe wa kowa ta intanet a 2016. Ɗalibi zai ɗaure kubit biyu, littafi ya ce 00 ko 11 kaɗai zai gani, sai sakamako ya dawo da ɗan 01 da 10 a ciki. Dole malami ya ajiye aljabara ya yi bayanin zafi, da hayaniyar wayoyi, da dalilin sanyaya na'urar har ta fi sararin samaniya sanyi.