Warin Da Ya Tashi Daga Alamar Ajali Ya Koma Magani

Tarihinmu na wannan mako a kan wani wari ne.

A ƙarni na 19, likita idan ya sunkuya kan mai ciwon suga ya ji numfashinsa na wari kamar ruɓaɓɓen tuffa, ya san lamari ya ɓaci. A 1857 Wilhelm Petters ya gano sinadarin asiton a fitsarin irin wannan majinyaci. A 1874 Adolf Kussmaul, likita Bajamushe, ya bayyana dogon numfashin da suke ja kafin su suma. A wancan zamanin babu insulin, don haka wanda ya kai nan da wuya ya tashi.

Dalilin warin shi ne, idan jiki ya rasa suga da zai ƙona, sai hanta ta koma narka kitse, ta fitar da sinadaran da ake kira kiton. Asiton ɗaya ne daga cikinsu, kuma ta huhu yake fita.

A 1921 labari ya juya. A Toronto ta Kanada aka gano insulin. A shekarar ce kuma Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo shawarar a riƙa jawo kiton da gangan, ta hanyar abinci mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci, don rage farfaɗiya. Shi ya raɗa wa tsarin sunan da yau aka taƙaita zuwa kito. Da maganin phenytoin ya fito a 1938 sai tsarin ya fara ja baya, har zuwa 1994 da Jim Abrahams, wanda ɗansa Charlie ya samu sauƙi da shi, ya kafa gidauniya don yaɗa shi.

Yau masu neman rage ƙiba ne ke hura ƙaramar na'ura su duba lamba. Na'urar asiton kawai take aunawa, da ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Mai cin abincin yau da kullum yakan samu ƙasa da 2, babban mutum mai bin kito kuwa tsakanin 2 da 40. Lambar tana sauyawa da lokacin yini da yadda aka hura, kuma barasar da ke cikin wasu ruwan kurkure baki tana ruɗa na'urar. Awo ɗaya ba hujja ba ne, sai an jera na kwanaki a lokaci guda.

Amma fa asiton ɗin da Petters ya gano bai sauya ba. Mai ciwon suga da ya ga lamba ta haura, ga ƙishirwa, ga amai, ga kasala, kada ya ɗauka kitse ne ke narkewa. Asibiti zai nufa nan take a auna jininsa.

Duk wanda zai sa irin wannan majinyaci a labarinsa, ya tuna warin kan riga suma zuwa. Sai mun ji ra'ayoyinku.