Tsohuwar kwamfuta don aikin makaranta: yadda ake bambanta furosesa mai amfani da wanda zamaninsa ya wuce

Ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Djibo Hamani a Tawa, da wuya ya kammala karatu bai buƙaci kwamfuta ba. Yawancin iyaye ta hannu suke iya saye, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su. Wasu kuma a gida ake da tsohuwa, ana tunanin a tashe ta a ba yaro. Ko wanne ne, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin na'urar. Ana iya ƙara wa kwamfuta RAM, ana iya sauya mata diski da batir, amma furosesa ba ya sauyuwa cikin sauƙi, kuma a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na baya-bayan nan manne yake da allon na'urar.

Abin da ke ruɗin masu saye

Abu biyu ne suka fi ruɗin mutane: yawan GHz da tambarin da aka liƙa a jikin na'ura. GHz ma'aunin saurin bugun furosesa ne, ba ma'aunin yawan aikin da yake gamawa a kowane bugu ba. Pentium 4 mai 3 GHz bai kai Core 2 Duo E6300 mai 1,86 GHz aiki ba, domin na biyun zuciya biyu gare shi, kuma ƙirarsa ta fi inganci. Haka nan rubutun i7 ba shi kaɗai ke nuna ƙarfi ba: i7-620M na shekarar 2010 yana bayan i3-8130U na shekarar 2018. Abin lura shi ne zubin da furosesa ya fito a cikinsa.

Daga zubi na 2 zuwa na 9 na kamfanin Intel, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce ke nuna zubin. Misali i5-2520M zubi na 2 ne, i5-4300U zubi na 4. Mai lamba uku kacal zubin farko ne. A Windows mai Faransanci ana ganin sunan idan aka danna ɓangaren dama na linzami a kan "Ce PC", aka zaɓi "Propriétés".

Pentium 4 da Atom

Pentium 4 ya fito a shekarar 2000. Zuciya ɗaya gare shi, yana da cin wuta da zafi, har wasu samfuransa kan kai wat 115. Atom kuwa ya zo a 2008 cikin ƙananan kwamfutoci. Samfurin N270 bit 32 ne, kuma ba ya ɗaukar RAM fiye da giga 2. Waɗannan na iya koya wa yaron firamare buga rubutu, amma shafukan intanet na yau sun fi ƙarfinsu. Idan a gida ake da su, a yi amfani da su. Saye da kuɗi kam, araha ce wadda ba ta ado.

Core 2 Duo

Ya fito a 2006, da zuciya biyu da bit 64. Na kan tebur irin su E8400 na 2008 wat 65 suke ci. Yana iya rubutu, da lissafi a jadawali, da karanta PDF, da buɗe shafi biyu ko uku na intanet. Matsalarsa ita ce da yawa daga cikin na'urorin da ke ɗauke da shi RAM irin DDR2 suke amfani da ita, wadda ta yi wuyar samu, kuma da yawansu ba sa wuce giga 4. Ya ishi ɗan koleji, amma zai wahalar da mai rubuta kundin kammala jami'a. Athlon II na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2009, kusan tsaransa ne.

Core i3 da i5, zubi na 2 zuwa na 4

Nan ne kuɗi da amfani suka fi daidaituwa. Zubi na 2 ya fito a 2011, na 3 a 2012, na 4 a 2013. Su ne a cikin na'urorin ofis irin su ThinkPad T420 da T430, da Dell Latitude E6420, da HP EliteBook 8460p. RAM ɗinsu DDR3 ce, kuma suna ɗaukar giga 8 ba tare da matsala ba. Suna iya rubutu, da binciken intanet, da darasi ta bidiyo. Harafin ƙarshe ma yana da ma'ana: mai M, kamar i5-2520M, wat 35 yake ci, mai U, kamar i5-4300U, wat 15. Inda wuta ke ɗaukewa, kuma zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, mai U ya fi riƙe batir da ƙarancin zafi.

Zubi na 8 zuwa sama

Ya fara fitowa a 2017, kuma i5-8250U zuciya huɗu gare shi. Muhimmancinsa shi ne Windows 11, wanda a ƙa'ida yake neman zubi na 8 na Intel ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Ɗalibin injiniya ko na zanen gini, mai aiki da manyan manhajoji, nan ya kamata ya nufa idan da hali.

Batun manhajar da ke tafiyar da na'ura

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, sannan tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Na'urar da ba ta samun gyaran tsaro ta fi saurin kamuwa da cutar kwamfuta. Mafita ga tsofaffin na'urori ita ce Linux, wanda kyauta ne. Akwai Linux Mint da Lubuntu, akwai kuma Emmabuntüs, wanda aka ƙirƙira a Faransa musamman domin tashin tsofaffin kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar Emmaüs. LibreOffice, shi ma kyauta, yana buɗe takardun Word da Excel.

Kafin a biya kuɗi

Furosesa mai kyau ba ya nuna ƙarfinsa a kan tsohon diski mai juyawa. Sanya diskin SSD, da kai RAM giga 4 aƙalla, ko 8 idan ta samu, kan sauya tafiyar na'ura fiye da bambancin i5 da i7 na zubi ɗaya. A kunna ta a gaban mai sayarwa, a buɗe bidiyo na kamar minti ashirin, a saurari fanka, a taɓa gindinta, domin ƙurar hunturu na toshe kafofin iska har na'ura ta riƙa mutuwa da kanta. A cire caja a ga ƙarfin batir. A duba madannai: mai rubutu da Faransanci AZERTY ya fi masa sauƙi, na'urorin Amurka kuwa QWERTY suke zuwa da shi. Komai kyan na'urar, ɗalibi ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a wani wuri daban, domin tsohon diski kan mutu ba sanarwa, ya tafi da aikin shekara guda.