Hijira da Sunan Gari: Daga Wurno ta Rima zuwa Mai Wurno ta Sudan

Hausa tana da kalmomi biyu na barin gari, watau ƙaura da hijira, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Mai ƙaura yakan tashi don yunwa ko fatauci ko neman ƙasar noma. Mai hijira kuwa yakan tashi ne don ya tsira da addininsa, ya kwashi iyalinsa da littattafansa, sau da yawa har da sunan garinsu. Tarihin Wurno da Raba da Goronyo ba ya fahimtuwa sai an riƙe wannan bambanci.

Asalin al'amarin yana komawa ga watan Fabrairu na 1804, sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fita daga Ɗagel zuwa Gudu tare da jama'arsa, don gudun Yunfa Sarkin Gobir. A 1806 Shehu ya wallafa Bayan Wujub al-Hijra, inda ya kafa hujja cewa barin ƙasar da ba a iya bayyana addini a cikinta wajibi ne. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka gina Sakkwato a 1809, amma Gobirawa ba su saduda ba. Kwarin Rima, daga Goronyo zuwa gabas, ya zama hanyar da mayaƙansu ke biyowa. Saboda haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno wajen 1830, ya zaunar da malamai da masu sana'a da Fulani makiyaya a cikin ganuwa, don su yi noma, su yi karatu, su kuma tsare iyaka. A can ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba ya ci gaba da zama a Wurno, har matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sauka garin a zamaninsa, a 1853. Raba kuwa ta zama mazaunin wani reshe na gidan Bello. Daga nan Abubakar na Raba ya hau sarautar Musulmi a 1873, a nan kuma aka haifi jikansa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Watau hijirar farko ta ƙare da zama da gini.

Hijira ta biyu ta zo bayan shekara ɗari, ba ɗaya. Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da niyyar kaiwa Makka, talakawa da sarakai suna ta binsa da matansu da 'ya'yansu. Aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi Mai Wurno, ya ja sauran jama'a har Sudan, ya zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar wajen 1906. Garin da ya kafa ana kiransa Mai Wurno har yau. Bayan da aka gama madatsar Sannar a 1925, da yawa daga zuriyar waɗannan muhajirai, waɗanda mutanen Sudan ke kira Fallata, suka shiga aikin auduga a Jazira. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda sunan wuri ya koma laƙabin mutum, sa'an nan laƙabin ya sake komawa sunan wuri a wata ƙasa mai nisa.

Wannan hali bai keɓanta ga Musulmin ƙasar Hausa ba. Akwai wata ɗarikar Kirista da ake kira Menonawa, wadda ta samo suna daga Menno Simons, wani malamin Holan da ya rasu a 1561. Tushenta yana cikin masu sabunta baftisma da suka ɓullo a Zurik a 1525. Sun ƙi yi wa jarirai baftisma, sun ƙi rantsuwa, sun ƙi ɗaukar makami, don haka aka tsananta musu. Waɗansu suka haye Amurka a 1683. Waɗansu suka amsa kiran Sarauniya Katarina ta Rasha, suka kafa Kortitsa a 1789 bisa alkawarin ba za a sa su soja ba. Da aka warware alkawarin, sai kimanin mutum 18,000 suka tashi zuwa Amurka da Kanada daga 1874, wani rukuni kuma ya wuce Faraguwai a 1927. Duk inda suka sauka sukan sa wa sabon ƙauye sunan tsohon, shi ya sa ake samun Kortitsa a Manitoba. Sun kuma riƙe karin Jamusancinsu, kamar yadda mutanen Mai Wurno suka riƙe Fulatanci da Hausa a tsakiyar masu jin Larabci.

Amma kada kamannin ya ruɗi mai karatu. Menonawa sun gudu ne don kada su yi yaƙi, jama'ar Shehu kuwa hijirarsu ita ce ƙofar jihadi, ribaɗi ma gari ne na masu makami. Akwai kuma bambanci wajen ajiye tarihi. Menonawa sun rubuta haihuwa da aure da mutuwa a littattafan majami'unsu, har talakansu yana iya bin kakanninsa ƙasa bayan ƙasa. A kwarin Rima kuwa, nasabar gidajen sarauta da na manyan malamai ita ce aka rubuta. Labarin maƙera da masaƙa da bayi da makiyayan da Bello ya zaunar, da na iyalan da suka bi Attahiru ba su komo ba, galibinsa yana bakin tsofaffi da maroƙa.

Nan ne aikin malaman makarantun horon malamai yake. Ɗalibi ɗan Wurno ko Raba ko Goronyo yana iya tattara sunayen unguwannin garinsu, da sana'ar kowane gida, da inda kakanninsu suka fito, da wanda ya yi gabas a 1903. In aka gwama wannan da abin da gidajen Mai Wurno suka riƙe, za a sami tarihin iyali ɗaya da aka raba biyu. Kowane tsoho da ya rasu ba a tambaye shi ba, wani yanki na wannan tarihi ya bi shi kabari.